Yadda kwamfuta ke sake zana taswirar Girka da Rum ta zamanin da

A watan Nuwamba na shekara ta 2025, wasu masana daga jami'o'in Turai suka wallafa wata taswira a intanet, wadda ta ƙunshi hanyoyin da aka yi amfani da su a Daular Rum wajen shekara ta 150 miladiyya. Jimillar tsawon hanyoyin ya kai kilomita 299,171, wato ya zarce abin da aka sani a baya da sama da kilomita dubu 100.

Wannan taswira mai suna Itiner-e, ɗaya ce daga cikin ayyukan da suka sauya salon nazarin labarin ƙasa na Girkawa da Rumawa tun daga farkon wannan ƙarni. Aikin da a da ake yinsa da littattafai da alƙalami da tafiyar ƙafa, yanzu kwamfuta da taurarin ɗan Adam sun shigo cikinsa.

Batun dai bai tsaya ga Turai kaɗai ba. Daular Rum ta mallaki Masar da Sham da ɗaukacin gaɓar arewacin Afirka, daga Libiya har zuwa Maroko, kuma wani ɓangare mai yawa na abin da ake ganowa a yau yana cikin waɗannan ƙasashe ne.

Abin da mutanen da suka bari

Girkawa ne suka fara mayar da labarin ƙasa wani fanni na ilmi mai zaman kansa. Eratosthenes, wanda aka haifa a birnin Cyrene da ke ƙasar Libiya ta yanzu, kuma ya shugabanci babban ɗakin karatu na Iskandariyya, ya auna kewayen duniya wajen shekara ta 240 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Ya yi haka ne ta hanyar kwatanta inuwar rana a Aswan da kuma a Iskandariyya.

Bayansa an yi Strabo, wanda ya rubuta juzu'i 17 a kan ƙasashe da al'ummun da aka sani a zamanin Sarki Augustus.

To amma wanda ya fi kowa tasiri shi ne Ptolemy, wanda malaman Larabawa ke kira Batlimus. Ya zauna a Iskandariyya, kuma wajen shekara ta 150 ya rubuta littafinsa na labarin ƙasa, inda ya ambaci wurare kimanin dubu 8. Sama da dubu 6 daga cikinsu ya ba su alƙaluma biyu-biyu, ɗaya mai nuna nisan wurin daga tsakiyar duniya zuwa arewa ko kudu, ɗayan kuma mai nuna nisansa daga yamma zuwa gabas. A kan irin wannan tsari ne na'urorin nuna hanya na wayoyin salula suke aiki a yau.

Su kuwa Rumawa sun fi damuwa da abin da zai amfani matafiyi da soja. Sun kafa duwatsu a bakin hanya masu nuna nisan tafiya, mil guda nasu kuwa taku dubu ne, wato kimanin mita 1,480. Sun kuma bar jerin sunayen zango-zango, kamar wanda aka fi sani da jadawalin Antonine na ƙarni na uku.

Akwai kuma taswirar Peutinger da ke ajiye a ɗakin karatu na ƙasar Austriya a birnin Vienna. An kwafe ta ne a kan fata a ƙarni na 13 daga wata tsohuwar taswirar Rumawa. Tsawonta ya kusa mita 7, amma faɗinta bai wuce santimita 34 ba, don haka tekuna suka koma tamkar ƙoramu, ƙasashe kuma suka miƙe kamar an ja su. Hukumar UNESCO ta sanya ta cikin kundinta na muhimman takardun tarihi a shekara ta 2007.

Matsalar da ke tattare da waɗannan kayayyaki ita ce, sunaye sun sauya, garuruwa sun ɓace, masu kwafe littattafai sun yi ta kurakurai ƙarni bayan ƙarni, har ma ita kanta ƙasar ta sauya kama. Birnin Afisa da ke Turkiyya, alal misali, tashar jiragen ruwa ce a zamanin Rumawa, amma a yau tsakaninsa da teku akwai tafiyar kilomitoci, saboda laka da kogi ya yi ta tarawa.

Daga littafi zuwa intanet

A shekara ta 1988 aka soma wani gagarumin aiki a Amurka na tattara dukkan abin da aka sani a wuri guda, ƙarƙashin jagorancin Farfesa Richard Talbert na Jami'ar North Carolina. An shafe shekaru 12 ana yi, aka kashe sama da dala miliyan huɗu, kafin a buga kundin taswirorin Barrington a shekara ta 2000.

Sai dai kundin da aka buga a takarda ba ya karɓar gyara. Ko wace shekara ana tono sabbin wurare, ana kuma gano kurakurai.

Wannan ne ya sa daga shekara ta 2006 aka fara mayar da bayanan zuwa wani rumbu na intanet mai suna Pleiades, wanda a yanzu ke ɗauke da wurare sama da dubu 35. Kowa na iya shiga kyauta, kuma masana na iya aika gyara, editoci su tantance kafin a wallafa.

Babbar dabarar rumbun ita ce, ko wane wuri an ba shi lamba tasa ta musamman wadda ba ta canjawa. Amfanin haka a bayyane yake ga duk wanda ya san cewa Iskandar Mai Girma ya kafa garuruwa da dama da sunansa, ko kuma cewa gari guda ya amsa sunan Byzantium, sannan Constantinople, sannan Istanbul. Da wannan lamba, gidan kayan tarihi da ke Landan mai riƙe da tsabar kuɗin wani gari, da jami'ar da ke Jamus mai riƙe da rubutun dutse daga garin, suna iya haɗa bayanansu ba tare da an rikita shi da wani gari mai irin sunansa ba.

Wata haɗin gwiwa mai suna Pelagios, wadda aka kafa a 2011, ita ce ta ɗauki nauyin ƙulla irin waɗannan rumbuna da juna. Kafin nan kuma, wani shiri mai suna Hestia a Birtaniya ya bi littafin tarihi na Herodotus, ya ciro duk sunayen wuraren da ke ciki ya ɗora su a kan taswira, domin a ga waɗanne garuruwa marubucin yake yawan ambatawa tare.

Warware lissafin Batlimus

Duk wanda ya ɗora alƙaluman Ptolemy kai tsaye a kan taswirar zamani zai ga wurare da yawa sun faɗa cikin teku, ko kuma nesa da inda suke.

Dalili kuwa shi ne, ya ɗauki duniya ba ta kai girman da take da shi ba. Maimakon ya bi lissafin Eratosthenes, sai ya bi wani lissafi da ya rage kewayen duniya da kusan kashi 30 cikin 100. Saboda haka tafiyar da matafiya suka ba shi labari sai ta cinye digiri fiye da yadda ya kamata. Tsawon Tekun Bahar Rum a wajensa digiri 62 ne, alhali a haƙiƙa kimanin 42 ne.

Malaman Musulmi sun riga kowa ganin wannan aibi. A zamanin Halifa al-Ma'amun a Bagadaza, Muhammad bin Musa al-Khawarizmi ya rubuta Kitab Surat al-Ard wajen shekara ta 833, inda ya sake lissafa wurare kimanin 2,400, ya kuma rage tsawon tekun da kusan digiri goma. Daga baya al-Idrisi ya kammala nasa littafin da taswirarsa a Sisili a shekara ta 1154. Turawan yamma ba su samu fassarar littafin Ptolemy da harshen Latin ba sai farkon ƙarni na 15.

Abin da kwamfuta ta ƙara a kan wannan shi ne iya rarrabe kurakuran. Ptolemy ya tattara bayanansa ne daga majiyoyi daban-daban, don haka garuruwan da suka fito daga majiya guda sukan kauce tare, zuwa ɓangare guda, da nisa kusan iri ɗaya. Idan an san ainihin matsayin biyu ko uku daga cikinsu, ana iya lissafa na sauran.

Da wannan hanya ce wasu masana a Jami'ar Fasaha ta Berlin suka wallafa sakamakon bincikensu a shekara ta 2010, a kan garuruwa 94 da Ptolemy ya ambata a yankin Jamus. Sun kuma ce tsibirin Thule, wanda mutanen da suka ɗauka shi ne ƙarshen duniya ta arewa, yana gaɓar ƙasar Norway ne. Wasu masana tarihi dai ba su gamsu da wannan sakamako ba, suna masu cewa lissafi kaɗai ba ya isa hujja idan babu abin da aka tono a ƙasa.

Kwana nawa, kuma nawa ne kuɗin?

A shekara ta 2012 Jami'ar Stanford ta ƙaddamar da wani shafi mai suna ORBIS, wanda masanin tarihi Walter Scheidel da ƙwararre kan kwamfuta Elijah Meeks suka tsara. Mai amfani da shi zai zaɓi gari biyu a Daular Rum ta wajen shekara ta 200, ya zaɓi wata da kuma abin hawa, shafin ya faɗa masa kwanakin da tafiyar za ta ci da kuɗin da za a kashe.

An gina shi a kan garuruwa da mashigai sama da 600, da hanyoyin ƙasa na kimanin kilomita dubu 85, da koguna na kilomita dubu 28, da ɗaruruwan hanyoyin teku. An ƙiyasta cewa amalanken shanu na yin kilomita 12 a yini, mai tafiya a ƙafa ko ayarin raƙuma kilomita 30, manzon sarki mai sauya doki a ko wane zango kuwa har kilomita 250.

Farashin sufuri an ɗauko shi ne daga dokar ƙayyade farashi da Sarki Diocletian ya kafa a shekara ta 301, wadda aka sassaƙa a kan duwatsu a garuruwa daban-daban. An kuma saka bayanan iska da igiyar ruwa na ko wane wata, domin jiragen zamanin da iska suke tafiya, kuma yawancinsu ba sa fita teku daga Nuwamba zuwa Maris.

Sakamakon ya nuna cewa ɗaukar kaya a amalanke ya fi ɗaukarsa a jirgin ruwa tsada har kusan ninki 50. Wannan ya ƙarfafa abin da masanin tarihi A.H.M. Jones ya taɓa lissafawa, cewa ya fi araha a yi jigilar alkama daga wannan ƙarshen Bahar Rum zuwa wancan, da a ja ta a ƙasa tafiyar kilomita 120.

Daga nan ne ake fahimtar dalilin da ya sa birnin Rum ya dogara da hatsin Masar da na Tunisiya, maimakon na wasu yankunan Italiya da ke nesa da gaɓa. Ta fuskar kwanakin tafiya, Carthage da ke Afirka ta fi garuruwan arewacin Italiya kusa da Rum. Marubucin nan Pliny ya ambaci jirgin da ya tashi daga Puteoli ya isa Iskandariyya cikin kwana tara, to amma dawowa kan ci wata guda ko biyu, saboda iskar bazara daga arewa take busowa.

Masu nazarin siyasar daular na ganin wannan na daga cikin abubuwan da ke bayyana wahalar mulkinta. Iyakokin da ke bakin kogunan Rhine da Danube, inda aka jibge sojoji, sun yi nisa ainun da tekun da ya haɗe sauran sassan daular.

Ido daga sararin samaniya

Tsakanin 1960 da 1972, taurarin leƙen asirin Amurka na shirin CORONA sun ɗauki dubban ɗaruruwan hotuna, waɗanda gwamnatin ƙasar ta saki ga jama'a a 1995. Hotunan na da daraja ga masu binciken kufai, domin sun nuna yankin Gabas ta Tsakiya kafin madatsun ruwa da manyan gonaki da faɗaɗar birane su shafe abubuwa da dama.

A shekara ta 2023, wata tawaga ƙarƙashin Jesse Casana na Kwalejin Dartmouth ta ba da rahoton gano sansanonin Rumawa 396 da ba a san da su ba a Siriya da Iraƙi, ta hanyar nazarin waɗannan hotuna.

Tun a 1934 wani limamin Kirista Bafaranshe, Antoine Poidebard, ya wallafa rahoton sansanoni 116 da ya gano daga jirgin sama, ya ce sun jeru ne daga arewa zuwa kudu, tamkar katangar da ke tare Farisawa. An daɗe ana karantar da haka. Sabon binciken kuwa ya nuna sun bazu ne daga yamma zuwa gabas, abin da ya sa masu binciken suka ce mai yiwuwa aikinsu shi ne tsaron ayarin fatake da isar da saƙonni. Daga cikin sansanonin da Poidebard ya gani, ƙasa da 40 ne aka iya tabbatar da ragowarsu a hotunan, alamar irin saurin da kufai ke ɓacewa.

A wannan shekarar ce kuma masana daga Jami'ar Oxford suka hango sansanonin soja uku a hamadar Jodan ta hanyar Google Earth, sun miƙe sun nufi Dumat al-Jandal da ke Saudiyya ta yanzu. Suna kyautata zaton suna da nasaba da mamaye masarautar Nabatawa da Rum ta yi a shekara ta 106.

A Italiya kuwa, masana daga jami'o'in Cambridge da Ghent sun bayyana a 2020 cewa sun zana taswirar ɗaukacin garin Falerii Novi mai faɗin hekta 30, da na'urar da ke aika igiyoyin rediyo cikin ƙasa. Sun ga kasuwa da wurin ibada da gidan wanka da bututun ruwa, ba tare da sun haƙa rami ko guda ba.

Rubuce-rubucen duwatsu ma sun shiga ciki. A 2022 kamfanin DeepMind ya fitar da wata manhaja mai ƙirƙirarriyar basira mai suna Ithaca, wadda ke hasashen yankin da rubutun Girkanci ya fito, kuma a gwaji ta dace a kashi 71 cikin 100. A 2025 aka fitar da takwararta ta harshen Latin mai suna Aeneas.

Rumawa da Sahara

Ptolemy ya ba da labarin wani mutum mai suna Julius Maternus, wanda ya tashi daga Leptis Magna a gaɓar Libiya ya je Garama, daga can ya bi sarkin Garamantawa suka yi tafiyar wata huɗu zuwa kudu, har suka isa wata ƙasa mai suna Agisymba, inda karkanda ke taruwa.

Masana sun yi saɓani a kan wannan wuri. Wasu na ganin yankin Tafkin Chadi ne, wasu na cewa duwatsun Azbin ne a Jamhuriyar Nijar, wasu kuma Tibesti. Ptolemy ya kuma ambaci wani kogi da ya kira Nigeir, wanda ake muhawara a kan ko shi ne Kogin Kwara.

Su dai Garamantawa, marubutan Girka da Rum sun siffanta su a matsayin mutanen daji. To amma a shekara ta 2011, tawagar Farfesa David Mattingly na Jami'ar Leicester ta sanar da gano ƙauyuka da gonaki masu ganuwa sama da 100 a yankin Fezzan ta hanyar hotunan tauraron ɗan Adam, waɗanda aka gina a ƙarni biyar na farkon miladiyya. Binciken da aka yi a ƙasa ya nuna mutane ne masu birane, masu noma da ruwan da suke jawowa ta magudanan ƙarƙashin ƙasa, kuma masu ciniki da Rum.

Ta Fezzan ɗin ce hanyar fatake ta bi a ƙarnonin baya, ta ratsa Kawar da Bilma ta isa Borno.

Iyakar abin da na'ura za ta iya

Masu wannan aiki da kansu suna gargaɗin cewa taswirar kwamfuta na iya yaudarar ido, domin layin da aka tabbatar da wanda aka yi hasashe duk suna fitowa tsaf a kan allo. Waɗanda suka tsara Itiner-e, ciki har da Tom Brughmans na Jami'ar Aarhus da Pau de Soto na Barcelona, sun bayyana cewa ƙasa da kashi 3 cikin 100 na hanyoyin ne aka san ainihin inda suka bi. Kusan kashi 90 an san da su, amma ba a tantance daidai wurin da suka ratsa ba, sauran kuma zato ne.

Haka zalika, yankin da ya cika da ɗigo a taswira ba lallai ne ya fi sauran yawan jama'a a zamanin da ba. Sau da yawa yana nufin an fi yin bincike a can ne kawai. Shi ya sa har yanzu ake bukatar wanda zai je ya duba da idonsa, tun da gani ya kori ji.

Akwai kuma batun su wa ke riƙe da wannan ilmi. Kufan suna Libiya da Aljeriya da Tunisiya da Siriya, amma rumbunan bayanan galibi suna jami'o'in Turai da Amurka, kuma da Turanci aka rubuta su.

A ɗaya ɓangaren, lokaci na ƙurewa. Hotunan tauraron ɗan Adam sun nuna yadda masu satar kayan tarihi suka cika kufan Apamea a Siriya da ramuka bayan ɓarkewar yaƙi a 2011, sannan a 2015 ƙungiyar IS ta rusa manyan gine-gine a Palmyra. A 2016 UNESCO ta sanya Leptis Magna da Sabratha da Cyrene cikin jerin wuraren tarihi da ke fuskantar haɗari.

A shekara ta 2015 ne jami'o'in Oxford da Leicester suka kafa shirin EAMENA, daga baya Jami'ar Durham ta shiga, domin rubuta wuraren tarihi da ke cikin barazana daga Muritaniya har zuwa Iran. Shirin ya horar da ma'aikatan hukumomin kayan tarihi na ƙasashen yankin kan yadda za su riƙa karanta hotunan tauraron ɗan Adam, da sa ido a kan kufan ƙasashensu da kansu.